Ƙarar da ke Ƙarƙashin Motar Likita

Ya kashe mota ke nan a inuwar bayan asibiti, Likita ta ɗauki jakarta ta shige, sai ya ji ƙarar. Daga bayan motar take fitowa, can ƙarƙashin but ɗin zuba kaya: wani ɗan zirrr, sannan ƙas, kamar an datse kwaɗo. Injin kuwa a kashe yake. Baba A-Hankali ya zauna da hannunsa a kan sitiyari, ya kasa buɗe ƙofa. Tun yana saurayi yake cikin mota, bai taɓa jin wadda aka kashe ta ci gaba da motsi ita kaɗai ba. Abin da ya faɗo masa a rai nan take shi ne an saka masa wani abu.

Sunan A-Hankali ya samo shi ne tun yana tuƙa tasi, lokacin da fasinjoji kan ce ko jaki ya fi shi sauri, shi kuma ya ce to su sauka su hau jakin. Daga tasi marigayi mijin Likita ya ɗauko shi, kuma a gidan gemunsa ya yi fari. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita: ba ya kunna rediyo sai ya yi 'yar tafiya yana sauraron mota. Kowace safiya yakan shimfiɗa kwali ya leƙa ƙarƙashinta, ya ga ko wani abu ya ɗiga. Gyara bai iya ba. Kunne dai Allah ya ba shi, kuma da shi yake taƙama.

Sabuwar motar ce ta zo ta rikita shi. Ɗan Likita ne ya zaɓo ta, wanda ma'aikatan gidan ke kira Manaja a bayan idonsa, saboda tun da ya dawo daga karatu ba abin da bai sa wa ido ba, har sabulun wanki. Baba ne ya riƙa kai shi makaranta yana ƙarami, ya sha goge masa majina da tsumman gilashi. Amma a 'yan kwanakin nan tambayoyinsa sun yi yawa. Ina aka tsaya jiya? Me ya sa aka biyo ta tsohuwar hanya? Idon Baba lafiya kuwa, ko a kai shi a duba? Ya kafa kyamara a bakin get, ya sallami mai shara. Don haka da ƙarar nan ta zo, Baba bai sha wahalar neman mai ita ba.

"Na'urar bin diddigi ce," in ji shi da yamma a gida, ya tura kwanon abinci gefe. "Yaron nan laifi yake nema a kaina, ya kawo sabon direba."

Maiɗakinsa ta ce, "Kai da ko ruwa ba ka tsayawa saye a hanya, wane laifi zai samu? Sai dai ya kama ka da laifin tare wa mutane titi."

'Yarsu Auta, wadda ta gama jami'a bana take zaman jiran aiki, ta ce, "Baba, irin wannan na'urar ba ta ƙara. Ka faɗa wa Likita mana."

"In ce mata ina zargin ɗanta?"

"Ka ce mata mota na ƙara, shi ke nan."

"In na faɗa mata, shi za ta faɗa wa. In kuwa nasa ne, ya san na gano, sai ya sake dabara. Ke karatu kika yi, ba zaman gidan mutane ba."

Ƙarar ta ƙaru. Idan suka tsaya a danja sai bayan motar ya riƙa kaɗawa kamar cokali a cikin gwangwani. Likita tana baya tana waya, ba ta ji. Baba kuwa ya daina yarda da kowa. Maigadi ya gaishe shi, ya ga kamar da wata manufa ya yi. Mai wankin mota ya durƙusa zai goge taya, ya tsaya a kansa har ya gama.

Ranar da Likita ke da dogon aikin tiyata, ya sauke ta, ya juya kan mota zuwa layin masu walda, wurin tsohon abokinsa tun zamanin tasi, wanda kowa ke kira Mai Salansa. Wannan ne karo na farko da ya kai motar gidan wani wuri ba tare da ya nemi izini ba.

"A'a, tsoho, ka ci gado ne?" in ji Mai Salansa da ya ga motar.

"Rage murya. Wani abu aka saka mini a ƙarƙashi."

Aka hau da ita kan rami. Mai Salansa ya sauka da tocila, ya bi bututun salansa yana bubbugawa da tafin hannu. Ya girgiza robobin da ke riƙe da shi, ya taɓa falankin ƙarfen da ke kare zafi, duk lafiya. Ya ce a kunna, a kashe, a sake kunnawa. Da ƙarar ta zo sai ya yi dariya a cikin ramin.

"Sauko ka ga ɗan leƙen asirin naka."

Baba ya sauka yana dafa bango. Kusa da bakin salansa akwai wani ɗan baƙin akwati, bai kai ashana biyu ba, da waya a jikinsa.

"Ba na faɗa maka ba?"

"Da shi aka ƙera ta. Bawul ne. Akwai ɗan marfi a cikin bututun, wannan akwatin ke juya shi. In kana cikin gari ya rufe don mota ta yi shiru, in ka taka ta ya buɗe. To kai yaushe ka taɓa taka mota? Marfin ya gaji da zama a rufe, baƙin hayaƙi da tsatsa sun cinye shi. Yanzu injin nasa na ta neman juya shi yana kasawa." Ya zare soket ɗin, ya ce a kunna a kashe. Shiru.

Baba ya ji kamar an sauke masa dutse, sai kuma kunya ta biyo baya. Yaron da ya goya ya yi ta zagi a zuci a kan ɗan marfi.

Mai Salansa ya ce gyaran gaskiya sai an sauya sashen baya gaba ɗaya, kuma sai kamfanin da ya sayar da motar. In ba haka ba, a kashe bawul ɗin: a bar soket a zare, a naɗe shi da salatif kada ruwa ya shiga, a ɗaure marfin da waya. "A buɗe zan ɗaure shi. In na ɗaure a rufe, injin zai shaƙe. Amma ka sani muryarta za ta ɗan yi kauri."

Kai ta kamfani na nufin ya yi bayanin yadda aka yi ya sani, da inda ya je, da dalilin zuwan. Baba ya ce a ɗaure.

Ba ɗan kauri muryar ta yi ba. Da yamma ya lallaɓo ta gida ba wanda ya lura, amma da safe da ya tayar da ita a cikin gareji, sai da tagogi suka amsa, ga kuma wata wuta ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari. Manaja ya fito da kofin shayi a hannu. Ya zagaya bayan motar, ya daɗe a tsaye.

"Baba, me ya sami motar?"

"Sanyin safiya ne, in ta yi zafi za ta daina."

Manaja ya ciro wayarsa ya shafa, ya juyo masa da ita. Taswira ce, da jan layi daga asibiti zuwa layin masu walda. "Motar da kanta take nuna inda ta je, haka aka yi ta. Ban taɓa dubawa ba sai yanzu. Me aka je yi a can?"

Baba ya buɗe baki ya faɗi duka, amma a hargitse, ya fara da marfi ya koma kan tsatsa, ya tsallake dalilin da ya hana shi magana tun farko. Manaja na saurare, fuskarsa ba ta nuna komai ba.

"Ka san motar da aka yanke wa tukunyar tace hayaƙi haka take ƙara?" in ji shi a hankali. "Ka san a layin masu waldan nan ake sayar da waɗanda aka sace? Abokina an yi masa, da haɗin bakin direbansa."

"Ni kake faɗa wa haka?"

"Ban ce kai ba ne, Baba. Tambaya na yi."

Baba ya ce a kawo kwali ya nuna masa da idonsa. Manaja ya ce shi ko ya leƙa bai san ta asali da wadda aka sauya ba, kamfani ne za su faɗa. Likita ta fito a shirye, ta ji ƙarshen maganar. Ba ta yi faɗa ba. Ta dubi Baba ta ce, "Me ya hana ka gaya mini?" Ya ce, "Ranki ya daɗe," ya sunkuyar da kai. Ta ce ya ba Manaja makulli, ya je gida ya huta har a ji daga kamfanin.

Tun ranar yake gida. Da safe yakan yi wanka ya sa kayan aiki ya zauna a kujerar bakin ƙofa, wayarsa a kan cinya. Mai Salansa ya zo ya ce a shirye yake ya je ya yi rantsuwa, Baba ya ce zuwansa zai ƙara ɓata lamarin. Wani lokaci yakan ce wa Auta wa ya sani ko a kamfanin ma wani zai sauya wani abu ya ɗora masa. Ita kuma duk motar da ta rage gudu a layinsu sai ta leƙa ta ga ko daga gidan Likita ne.

Motar na can a kamfani, sun ce sai mai duba salansa ya dawo daga tafiya. Likita ba ta kira ba tukuna.