Tsutsar da Ta Rage a Gonar Malam Ƙasim

Da asuba na tarar da Malam Ƙasim a gonar wakensa ta bayan Madadi, a durƙushe tsakanin kunyoyi, yana ɓare furen wake da farce yana zuba abin da ya samu a kwalba. Ni na je duba aikina ne, don shekaranjiya na yi masa feshi. Feshi ne sana'ata. Na goya tanki har kafaɗata ɗaya ta fi ɗaya sauka, kuma ba na son dogon bayani.

"Muntari, zo ka gaisa da mutanenka," in ji shi. Tsutsotsi ne a kwalbar, suna motsi lafiya lau.

Malam Ƙasim malamin bayoloji ne a wata sakandare a Kabo. Gidansu gidan karatu ne, yayansa Malam Najmuddeen ke riƙe da Islamiyyar da mahaifinsu ya bari. Shi kuwa tun yana ƙarami bai iya zama ba. A tsaye yake shan koko. Yana magana yana tafiya, sai ka bi shi. Waken nan shi ne abincin gidansa, da shi matarsa Atika ke yin ƙosan safe. In tsutsa ta cinye fure, babu kwanso, babu wake.

Na ce, "Malam, a bar ni in ƙara murfi."

Haka muke yi. Da murfin kwalba muke auna magani. In bai ci ba, a ƙara murfi. In har yanzu bai ci ba, a ce jabu aka sayar mana, a koma a sayo irinsa a wani shago.

"Da can nawa kake zubawa?"

"Kaɗan."

"Yanzu fa?"

"Fiye da haka."

"To ba maganin ne ya lalace ba." Ya miƙe, ya sake durƙusawa, ya sake miƙewa. "Duk shekara kana kashe masu rauni. 'Yan kaɗan da jikinsu ke jure maganin su ke raguwa, su ke haihuwa, 'ya'yansu su gado su. Kai ka zaɓe su, Muntari. Kiwonsu kake yi."

Na ce ni awaki ma ban iya kiwo ba. Bai yi dariya ba. Ya ce kada in sake zuba wannan maganin a gonarsa, in hau babur mu je Gwarzo neman wani iri dabam, amma sai ya fara biyawa Kabo, yana da darasi.

A bakin taga na tsaya ina jiransa. Bita yake yi wa 'yan ajin ƙarshe. Bai taɓa alli ba. Ya ɗora kwalbar a tebur, ya tambaye su me ya sa waɗannan ba su mutu ba. Wani ya ce sun saba. Malam ya ce, "Tsutsa ɗaya ba ta sabawa, Haidar. Ko ta mutu, ko ta rayu ta haihu. Zuriyar ce ke sauyawa. In ka rubuta 'ta saba' a jarrabawa, kai ma ba za ka rayu ba." Ajin ya fashe da dariya. Ya zagaye ɗakin ya fi a ƙirga, yana maimaita musu: bambanci a tsakaninsu, gado, sai wanda ya rage. Wata yarinya ta ce, "Malam, ciyawar gonarmu ma ta daina jin magani." Ya nuna ta da yatsa, ya ce ita ta gama bita.

Da yamma muna haɗa sabon maganin sai ga yayansa.

"Ƙasim, an ce ka kai tsutsa aji. Me kake koya wa 'ya'yan mutane?"

"Yaya, Allah ne ya halicce ta, ya ba wasu juriya. Ni nuna musu nake yadda masu juriyar ke cika gona."

Malam Najmuddeen ya leƙa kwalbar ya daɗe. "To nawa waken fa?"

"Ka hana a ƙara murfi."

Bai hana ba. Ni na yi masa feshin da hannuna, da tsohon maganin da ƙarin murfi, yadda ya ce.

Malam Ƙasim kuwa ya sa na bar kunyoyin gefe ban fesa ba, wai don masu rauni su ma su rayu su gauraya da masu juriya. Mutane suka ce boko ya taɓa shi, yana ajiye wa tsutsa rabonta. Kwanakin nan bai huta ba, bai bar ni na huta ba. Kafin rana ta fito yana gona, bayan la'asar yana gona. Atika ta ce ko tuwo sai ta bi shi da kwano. Furen farko ya riga ya tafi, wannan babu yadda za a yi. Na biyu muke jira.

Na biyun ya kama. Ba cika rumbu aka yi ba, amma Atika ba ta sauke kaskonta ba. Gonar Malam Najmuddeen kuwa ganye ne ya fi yawa. Malam Ƙasim ya ɗebo daga nasa waken. Buhu ya aika masa a bayan babur ɗina.

Ranar roro na ƙarshe na same shi a kunyoyin nan da ban fesa ba. Ya yayyaga tsohuwar riga, yana bin tushen waken ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda tsutsa ta fi ƙyalewa sai ya ɗaura masa ƙyalle.

"Waɗannan ba na ci ba ne," in ji shi, bai ɗago ba. "Iri ne."

Ya wuce tushe na gaba.