Hancin Kawu Sule da Motar Burodi

Duk wanda ya san Kawu Sule ya san ba ya kallon mota. Mutane idan za su sayi mota sai ka ga sun zagaye ta, sun harbi taya da ƙafa, sun buɗe gaba suna leƙen inji kamar sun san abin da suke gani. Shi kuwa Kawu, Allah ya jiƙansa, ƙofar baya yake buɗewa, ya zura kai, ya lumshe ido, ya ja numfashi har sai hularsa ta motsa. Shinshina ta yake yi, wallahi! Shekara talatin ya yi yana jan motar kaya a wani kamfani a Bompai, da ya ajiye aiki sai hancin nan ya zama sana'arsa. Daga Sharada har Challawa, duk mai son sayen tsohuwar motar ɗaukar kaya sai ya biya ya ɗauke shi. Shi kansa ko keke bai taɓa mallaka ba.

Kuma ba ya zuwa ganin mota da safe. Sai rana ta take tsaka, kwalta ta fara narkewa, sannan zai ce a tafi. Ya shiga ciki, ya sa a rufe ƙofofi da tagogi, ya zauna yana tsiyayar gumi. In ka yi masa magana ya ce, "Mota kamar mutum ce, sai ta ji zafi take faɗin gaskiya."

Dillalan mota sun tsane shi tsana ta Allah da Annabi. Akwai ranar da wani ya rantse masa cewa motar wata Hajiya ce, ba ta zuwa ko'ina da ita sai asibiti. Kawu ya shiga, ya yi zamansa, ya fito yana sharce goshi.

"Allah ya ba Hajiya lafiya," ya ce. "Amma a gaya mata ta rage kai wa likitocin nan busasshen kifi. Buhu arba'in a tafi ɗaya ya yi yawa, bayan motar har ya zauna."

A gida kuwa Inna Rabi, matarsa, ita ta ga ta kanta. Ranar da za a je ganin mota ba a kunna turaren wuta, ba a daka daddawa, ba a soya albasa sai ya fita. Mace Bakanuwa a hana ta turaren wuta a ɗakinta! Ko ranar Juma'a, can ƙasan ƙafar wando yake ɗiga turarensa, wai sunna ta cika, hanci ya tsira. Inna takan ce, "Ni dai na auri hanci, mutumin biyo shi ya yi."

Da duk wannan dariya nake yi, har ranar da abin ya zo kaina.

Masaƙar da na yi wa aiki shekara goma sha huɗu a Sharada ta rufe, aka ba mu kuɗin sallama aka ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Ga mata, ga yara huɗu, ga kuɗin nan da in sun tafi ba su da ƙane. Sai na ji cewa wani kamfanin biskit a Bompai yana neman masu mota da za su riƙa raba masa kaya a kantuna. Na je na ga mai kula da siton, wata mutumiyar Filato da ake kira Madam Saratu. Ta ce, "Malam Garba, ka kawo motarka ran Litinin ta sama. In ta yi min, ka samu aiki. In ba ta yi ba, ga mutane nan a layi."

Mota ɗaya kuɗina za su iya saya, kuma sau ɗaya. Na je na durƙusa gaban Kawu, yayan mahaifiyata ne, na ce ya taimaka.

Tambayar farko da ya yi min ita ce, "Me za ka ɗauka?"

"Biskit, Kawu."

"To ka samo min kwalinsa guda, fanko."

Wai kaya iri biyu ne a duniya, mai nauyi da mai cin wuri, kuma biskit mai cin wuri ne. Haka muka riƙa yawo a garin Kano, dattijo da farin gemu rungume da kwalin biskit babu komai a ciki. Duk motar da muka shiga sai ya jera kwalin nan tsaye da kwance, yana ƙirga da baki, ya ga layi nawa za ta ci kafin rufi.

Ni tun ranar farko na ga wadda nake so, a wani wurin sayar da motoci a titin Zariya wajen Na'ibawa. Farar bas, an cire kujerun baya, fenti sai ƙyalli, ciki sai ƙamshi. Har na fara ganin kaina a ciki, gwiwar hannu a taga. Dillalin ya ce 'yar Kwatano ce, ko sati ba ta yi da sauka ba.

Kawu ya dubi rana ya ce mu shiga. Aka rufe mu. Jama'a, na yi aiki kusa da tukunyar rini, amma ban taɓa jin zafi irin na ranar ba. Can ya ce, "Garba, me ka ji?"

"Turare, Kawu."

"Ƙarƙashin turaren."

"Turare dai."

Ya tsuguna ya ɗaga robar da aka shimfiɗa a ƙasa, ya kai hanci kamar mai sujada. Ya ɗago ya ce, "Challawa. Ɗanyar fata ta yi ta ɗauka zuwa majema, ba shekara ɗaya ba, ba biyu ba. Gishirin fatar ya ci ƙasanta, fenti ne kawai ya riƙe ta."

Dillalin ya dafe ƙirji. "Haba Baba! Wallahi daga Kwatano take!"

"To ashe shanun Kwatano ma ana feɗe su," in ji Kawu, ya ɗauki kwalinsa.

Daga nan muka shiga uku. Mota goma sha ɗaya muka gani cikin kwana biyar, kullum da tsakar rana, kullum a rufe. Wannan ta ɗauki siminti, bayanta ya gaji. Waccan ta yi safarar fetur a jarkoki, direbanta bai san birki ba sai gudu. Wata kuma ya ce ruwa ya taɓa shanye ta, yana jin warin laka a cikin kujera. Akwai wadda bai sami komai a cikinta ba, na ce alhamdu lillahi, sai ya ce ai ita ce ta fi ba shi tsoro, don ba a yi wa mota irin wannan wankin sai da dalili.

Ran Alhamis haƙurina ya ƙare. Mun fito daga ta goma sha ɗaya, rigata ta manne da baya, na ce, "Kawu, wai kuɗina ne ko na hancinku? Ku da ko keke ba ku taɓa saya ba!"

Na faɗa, kuma har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni. Bai yi fushi ba. Gyara riƙon kwalinsa kawai ya yi ya ce, "Kuɗinka ne, Garba. Da nawa ne, da tun ta farko na saya na huta."

Ban ji ba. Washegari da sassafe na saci jiki ni kaɗai na koma Na'ibawa da niyyar biyan farar bas. Na tarar an sayar. Kuma wa ya saya? Ado, abokin aikina a masaƙa, wanda shi ma layin Madam Saratu yake nema. Na dawo gida ina huci, na ce wa matata Kawu ya kashe ni da raina. Kwana biyu ban je gaishe shi ba.

Ran Lahadi da azahar sai ga shi a ƙofar gidana da kwalinsa, kamar ba abin da ya faru. Ya ce, "Taso, yanzu sun taso daga coci."

A Hotoro ne, gidan wani dattijo mutumin Kudancin Kaduna, Baba Yohanna, tsohon abokin Kawu tun suna direbobi. Zai koma garinsu ya huta, yana son ya rabu da motarsa. Da aka yaye tamfol ɗin sai da na ce inna lillahi. Tsohuwar bas ce mai dogon rufi, launinta tsakanin rawaya da ban sani ba, fitila ɗaya ta fi ɗaya girma. A gefenta an zana wani ƙaton burodi wanda rana ta cinye rabinsa.

Kafin mu ce komai Baba Yohanna ya fara. "Sule, ka san ni. Ƙofar baya sai an tokare ta da gwiwa take rufuwa. Hon ɗinta kukan agwagwa yake yi. Giya ta uku tana son lallashi. Ban da wannan, ban san mata wani laifi ba."

Kawu ya shiga, ya ja ni, aka rufe. Ya lumshe ido ya ja numfashi, sai na ga abin da ban gani ba duk satin: murmushi.

"Me ka ji?"

Na shaƙa don dole. "Burodi, Kawu."

"Ƙarƙashinsa fa?"

Na sake shaƙa. "Burodi."

"To ka ji. Shekara goma sha biyu ba ta ɗauki komai ba sai shi. Motar burodi ba ta san nauyi ba, amma ta san sammako. In da tana ƙin tashi da asuba, da tuni masu shayi sun kashe Yohanna."

Ya jera kwalinsa, ta ci layi ɗaya fiye da farar bas saboda tsayin rufinta. Ya leƙa ƙasa, babu tsatsa. Ni dai ba don na gamsu ba, sai don gobe Litinin kuma ba ni da wata, na saya. Na tuƙo ta zuwa gida yaran unguwa suna bina suna "Mai burodi! Mai burodi!" Matata ta leƙo ta gani, ta koma ciki.

Ran Litinin tun ƙarfe takwas muka yi layi a harabar kamfanin. Ado yana gabana da farar bas ɗinsa, yana ta goge ta da ƙyalle. Ya dube ni ya ce, "Garba, karin kumallo ka kawo mana?" Direbobi suka kwashe da dariya. Na yi kamar ina duba taya.

Madam Saratu kuwa aka riƙe ta a taron manya, ba ta fito ba sai wajen ƙarfe biyu. Awa shida motoci suna gasuwa a rana, ƙofofi a rufe. Ta zo da takardunta, Ado ya yi tsalle ya buɗe mata ƙofar baya da fara'a.

Ni da nake taku goma a baya sai da na ji warin. Matar nan ta ja da baya, ta toshe hanci da gefen zaninta. "Wayyo Yesu! Malam Ado, me ya mutu a ciki?"

"Madam, ai turare ne ya ɗan..."

"Biskit ɗin da yara za su ci zan zuba a nan? Kwali yana shan wari, ka sani? Fitar min da ita, don Allah!"

Ta ƙaraso wajena tana kallon rabin burodin nan da shakka. Na tokare ƙofa da gwiwa na buɗe, ina tuna yara huɗu. Ta leƙa a hankali, ta shaƙa, ta sake shaƙa.

"Kai, wannan ai yunwa take sa mutum," ta ce. Ta juya ta kira masu lodi. "Ku fara da wannan."

Shekara tara ke nan. Motar nan ta ciyar da gidana, ta kai yarana makaranta, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa ƙin tashi da safe ba. Shi ma Ado bai taɓe ba, Kawu ne ya haɗa shi da wani mai fata a Challawa, ya ce motar ta riga ta san hanya.

A daren... a'a, da la'asar ɗin ranar da na samu aikin ne, na ce dole in je in ba Kawu haƙuri, kuma ba zan je hannu rabbana ba. Ku ji wautar ɗan yau: duk abin da ke kasuwa, sai na saya masa turare. Babbar kwalba mai tsada. Na durƙusa na miƙa na ce, "Kawu, ku yafe min maganar da na faɗa."

Ya riƙe kwalbar nesa da fuskarsa da yatsa biyu. "Garba, zagin da ka yi min bai ishe ka ba, sai ka zo ka kashe min jari?" Ya ƙwala wa Inna kira ya ce ta ɗauke abin nan daga gabansa. Sannan ya tambaye ni ko na lallashi giya ta uku. Iyakar maganar yafiyar ke nan, kuma na ɗauka Inna ta shafe turaren tuntuni.

Bara da ya rasu, muna tsakar gida ana shirin yi masa sutura, sai Inna Rabi ta aiko a kira ni. Ta buɗe ƙasan akwatinta ta ɗauko kwalbar nan, ko buɗe ta ba a taɓa yi ba. Ta ce, "Tun ranar ya ce in ɓoye masa. Ya ce na Garba ne, ranar da hancinsa ya ajiye aiki a sa masa shi duka."

Ta miƙo min, ta yi dariya, hawaye yana zuba. "Yau dai ba zai ce in kashe turare ba."

Ni na zuba masa a likkafani da hannuna, har ɗigon ƙarshe.

Allah ya jiƙan Kawu Sule, ya yafe masa, ya yalwata masa makwancinsa. Allah ya sa abin da ya fara tarar hancin nan a can ƙamshin Aljanna ne, wanda babu komai a ƙarƙashinsa sai shi. Amin.