Gashin Zabo da Jan Zare a Ɗakin Bin Omran

Juma'ar farko ta watan Maris ce, ƙarfe biyu da rabi na rana, a shekarata ta uku a Doha, lokacin da ake ta rushe tsofaffin gidaje ana shirin wasannin Asiya. Mu shida ne a ɗakin, a wani tsohon gida a unguwar Bin Omran, kuma duk muna nan, mun dawo daga masallaci mun ci shinkafa a tire ɗaya. Akwai Alhaji, dattijon da ya kama ɗakin da sunansa, mutumin Zangon Kumasi. Akwai mutumin Yawuri, mai gadi a wani kamfani, wanda yake kwana a gadon ƙasa ni ina na sama. Sauran ukun ba su ce komai ba ranar, ba su kuma ce komai ba daga baya, don haka zan bar su yadda suka bar ni.

Da aka ɗauke tiren, mutumin Yawuri ya zaro wani ƙunshin takarda daga aljihu ya buɗe a kan tabarma. Ƙaramar ƙugiya ce, an ɗaura mata gashin zabo biyu da 'yan silin baƙin gashi, an naɗe da jan zare.

"Alhaji, ga abin da na tsinta cikin bargona," in ji shi. "Daidai wajen kaina."

Alhaji bai sa hannu ba. Tsinken sakace ya sa ya juya ta.

"Ta waye?"

Na ce, "Tawa ce. Daga sama ta faɗo."

"Kun dai ji," in ji mutumin Yawuri. "Ko musu bai yi ba."

Ga asalin abin. Ni direban wani injiniya ne, Bature. Kafin in zo Qatar na yi shekara bakwai ina fassara labarai a gidan rediyon jiharmu, shi ya sa 'yan ɗakin suke kirana Mai Labarai. Baturen ya taso a ƙasar koguna, ya saba da wata irin fatsa wadda ba a sa mata tana. Gashin tsuntsu ake ɗaurawa a ƙugiya ya yi kama da ƙwaro ko ɗan ƙaramin kifi, a wurga shi da doguwar sanda mai lanƙwasa, a riƙa ja a hankali har kifi ya zaci abinci ne. Qatar ba ta da kogi ko ɗaya, sai ya koma wa wani lungun teku gaba da Al Khor, inda ruwa yake kwance kamar tafki, bai wuce gwiwa ba, ga gajerun itatuwa sun tsiro a cikinsa. Duk Asabar nake kai shi. Wata shida ina zaune a mota ina kallo, har ya gaji da ganina haka ya miƙo mini tsohuwar sandarsa, daga baya ya koya mini ɗaurin.

Ni mutumin Gumel ne, busasshen kifi na sani. Amma ɗaurin nan ya shiga raina. Aiki ne irin na rage labari ya shiga minti biyu, duk abin da ya yi yawa sai an cire shi. Gashin zabo a kasuwar tsuntsaye nake tsinta, zare kuwa a shagon wani tela. Da la'asar nake yi, a kan gadona, na ja labule. Ban nuna wa kowa ba, domin na san bakinsu. Wannan kuskurena ne, ban taɓa ɗora shi a kan wani ba.

Mutumin Yawuri ya jero hujjojinsa yana naɗe yatsu. Sau uku ke nan yana faɗuwa jarabawar tuƙi, alhali shi yake tuƙa motar yayansa a gida. Ya leƙa ta gefen labule ya gan ni ina naɗa zare bakina yana motsi. Ya gan ni ina shafa wa gashin yawu. Ranar Alhamis kuma an yi masa aski a tsakar ɗakin, ni na share wurin.

Na ce ta kamun kifi ce, sannan na amsa ɗaya bayan ɗaya. Bakina yana motsi ne don ina ƙirga zagayen zare. Yawu kuwa shi yake kwantar da gashi ya ɗauru. Sharar Alhamis tawa ce tun da na shigo ɗakin.

"To baƙin gashin nan fa?"

"Na wutsiyar akuya ne. Wurin mahauci na karɓo."

"Alhaji, ka ji. Yanzu kuma akuya na zama."

Ba wanda ya yi dariya. Alhaji ya daɗe yana kallon ƙugiyar, sannan ya ce a ƙasar nan maganar sihiri ba abin wasa ba ce, in ta kai kunnen kafil, wato ubangidan da ya tsaya wa mutum a takardar zama, ko 'yan sanda, dukanmu ne a jirgin komawa gida.

"Juma'a mai zuwa ka kai mu inda kake yi," in ji shi. "Ni da shi. In na kamun kifi ne, mu gani da ido. In ba haka ba, ka nemi wani ɗakin. Halas, magana ta ƙare."

Wanda bai zauna a can ba zai ce ai gado ne kawai. Gadon nan shi ne tuwon Juma'a, shi ne wanda zai ɗauki saƙonka in zai je gida, shi ne wanda zai kai ka asibiti, ya kuma san lambar da za a kira in ka mutu. Mu 'yan Hausa ba mu da yawa a Doha a lokacin. In aka tashe ka daga ɗaki ɗaya da irin wannan suna, kafin Juma'a ta zagayo an ji a sauran.

Makon nan mutumin Yawuri ya kwashe shimfiɗarsa ya koma bakin ƙofa. Ya ware kofinsa ya ɗaura masa tsumma a mariƙi. Duk lokacin da zan hau gado sai ya ɗaga murya da addu'ar neman tsari. Ni kuma na daina gaishe shi. Na roƙi Baturen mota da sanda, ya ba ni yana murna wai na samo sababbin ɗalibai. Ban gaya masa dalili ba.

Mun tashi bayan sallar asuba, muka isa bakin ruwan ƙarfe shida da rabi. A hanya Alhaji yana gaba, mutumin Yawuri yana baya, ya zauna a bayan Alhaji, ba a bayana ba. Ruwa ya fara cikowa, iska kaɗan ce, daga arewa. Alhaji ya shimfiɗa kwali a kan yashi ya zauna da carbinsa da filas ɗin shayi.

Na haɗa sandar, na zura zaren, na buɗe ƙaramin akwatin da nake jera ƙugiyoyin, na zaɓi irin wadda aka tsinta, don kada a ce na canza. Na ƙulla ta a bakin zaren. Sannan na yi abin da nake yi kullum ba tare da tunani ba: na kai ƙullin bakina na jiƙa shi kafin in ja.

"La'ilaha illallahu! Alhaji, ka gani? Ƙulli da tofi! A gabanka!"

Na ce, "Zaren roba ne. In aka ja ƙullin a bushe sai ya ƙone ya tsinke."

"Komai da amsarsa. Shi ya sa aka kore ka daga rediyo."

"Ba a kore ni ba."

"Yalla, maza," in ji Alhaji. "Shiga ruwa mu gani."

Na naɗe wando na shiga. Irin wannan fatsar, sai ka yi ta kaɗa zaren gaba da baya a sama kafin ka sake shi, kuma in akwai ido a kanka hannu ba ya sakewa. Wurgin farko zaren ya taru a gabana kamar taliya. Na uku ya maƙale a reshen itace, sai da na taka na je na ciro.

Mutumin Yawuri yana tsaye a gaɓa, hannuwa a baya.

"Kai, Mai Labarai! Me ruwan ya yi maka kake zabga masa bulala?"

Ban waiwaya ba.

"Ubana ya shekara arba'in a kan kogin Kwara, ban taɓa ganin ya daki ruwa ba. Ko ba kifi kake kira ba, wasu kake kira?"

Shi Basarke ne, jinin masunta gaba da baya, an haife shi kusa da jirgin kwale-kwale, kuma a ganinsa mutumin Gumel ya riƙe fatsa ma cin fuska ne. Ya ce wa Alhaji kifi ba jaki ba ne da zai bar abincinsa ya ci gashi. Ya ce in rana ta take ba a kama komai ba, to magana ta ƙare. Ya maimaita haka sau uku, na ƙirga.

Awa biyu ina ciki. Ƙafafuna sun nutse a taɓo, gishiri ya bushe mini a hannu. Na daina jin muryarsa, sai kallon wani wuri da na ga ƙananan kifaye suna watsewa a saman ruwa. Na wurga can, na ja sau huɗu, a na biyar zaren ya miƙe ya yi nauyi. Ƙarfe tara saura kwata. Kifin ya yi tsalle sau biyu, fari fat kamar sabon kwano, sandar ta lanƙwashe. Na bi shi a hankali har ya gaji, na kamo shi ta wutsiya, na fito na ajiye shi a kan yashi a gaban Alhaji. Tsawonsa ya kai daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Ƙugiyar tana nan a gefen bakinsa, jan zaren a waje kowa yana gani.

Alhaji ya sunkuya ya duba, ya yi murmushi.

"Lallai kuwa. Kifi ne."

Mutumin Yawuri ya tsuguna nesa kaɗan. Bai taɓa kifin ba. Ya daɗe yana kallon bakinsa, kuma ba'ar da yake yi tun safe ta bar fuskarsa.

"Ba tana," in ji shi a hankali. "Ba gero, ba dusa, ba komai. Alhaji, a garinmu akwai masu kiran kifi. Mun san su, mun kuma san abin da suke bayarwa kafin a ba su. Wanda ya ja kifi daga cikin teku da gashin zabo, mutum ne zai gagare shi?"

"Kai ma dai," in ji Alhaji. "Ɗazu ka ce in bai kama ba shaida ce. Yanzu ya kama, ka ce shaida ce. A ina kake so mu tsaya?"

Da na bar ta, da a nan maganar ta ƙare. Alhaji ya riga ya fara naɗe kwalinsa. Gadona ya dawo hannuna. Abin da ya rage mini shi ne in wanke sanda in tuƙa mota.

Sai mutumin Yawuri ya miƙe, ya tofar da yawu gefe, ya ce, "Boka ɗan boka. Ni dai ba ka isa ba."

Ubana ladan ne, ya rasu ina aji uku. Ban ɗaga murya ba. Na buɗe akwatin na juya masa shi ya ga layin ƙugiyoyin da guraben da babu kowa, na ce masa da muryar da na saba karanta sanarwar rasuwa da ita a rediyo:

"Ɗaya kawai ka tsinta. Ka duba takalmanka tukuna."

Ya dubi ƙafafunsa. Sannan ya fizge takalman ɗaya bayan ɗaya ya yi jifa da su cikin ruwa, ya ja da baya a kan ɓawon kifi da tsakuwa yana salati, yana kakkaɓe wandonsa. Babban mutum, mai 'ya'ya huɗu a gida. Na tsaya ina kallonsa har ya gama, kuma ba zan ce ban ji daɗi ba.

Da na juyo, Alhaji yana kallona.

"Wannan fa da kunnena na ji."

"Wasa nake yi, Alhaji."

"Ban ga kana dariya ba."

Ba wasa nake yi ba. So nake tsoro ya kama shi irin wanda ya sa mini mako guda, kuma ya kama shi. Babu komai a takalmansa. Guraben akwatin na ƙugiyoyin da suka tsinke mini ne a itatuwan wurin.

Muka kama hanyar dawowa. Mutumin Yawuri yana baya ba takalmi, ya ɗora ƙafafunsa a kan kujera don kada su taɓa ƙasan motar. Kifin yana but ɗin motar cikin leda. Alhaji ya ce kada ya shiga ɗakin, don haka na ba wani Ba'indiye mai wankin mota a gidan mai, ya karɓa yana godiya. Sai da muka hango dogayen benayen Doha sannan Alhaji ya yi magana, idonsa a kan titi.

"Na yarda na kamun kifi ne. Ni ban ce kana asiri ba, ko gaban Allah ba zan ce ba. Amma ɗaki wurin barci ne. Wannan ba zai ƙara barci ba kana samansa, kuma kai ka jawo. Ƙarshen wata."

Na ce, "To."

Ban ba da haƙuri ba, ba a kuma nemi in bayar ba. Kwanakin da suka rage na daina jan labule. A tsakar ɗakin nake zama da la'asar in yi ɗaurina, shi kuma ya fita ya tsaya a bakin shagon kayan miya har a kira magariba.

Na kwashe kayana ranar Alhamis ta ƙarshen watan, na koma unguwar Fereej Abdel Aziz, ɗakin wasu direbobi 'yan Sudan. Katifar da na bari sun fitar da ita washegari sun jingine a gefen bola. Gadon ya yi wata biyu babu kowa a kansa, sannan aka ba wani sabon zuwa daga Tamale.