Allurar Ukasha ta Goma Sha Biyu

Shekara talatin da ɗaya Ukasha ya yi yana tsira wa mutanen Jega allura don ya rage musu ciwo, aka hana shi a zama guda wanda bai kai awa biyu ba. Ina wurin. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, shi ya sa na ga gara in rubuta abin yadda ya faru.

An haife shi a Maiyama cikin 1957. Ubansa wanzami ne, a hannunsa ya koyi aski da ƙaho. Da ya gama firamare aka ɗauke shi aiki a ɗakin shan magani, zamanin da dispensa ke sa farin kaki mai guga, yana dafa kayan aikinsa a kan risho kowace safiya, mutane na cire takalmi kafin su shiga. Cikin 1984 aka tura shi sansanin wasu masu aikin hanya, ya riƙa wanke wa leburori rauni. A can ya haɗu da wani tsohon likita ɗan ƙasar Sin, wanda ke yi wa ma'aikata maganin ciwon baya da wasu allurai sirara kamar gashin jelar doki. Shekara shida Ukasha na tsaye kusa da shi. Ba su da harshe guda sai ɗan Turancin da kowannensu ke ja da ƙyar, don haka yawancin karatun da yatsa aka yi shi: nan, ba nan ba, zurfin kaza. Da aikin ya ƙare tsohon ya bar masa zanen jikin mutum mai ɗigo-ɗigo da ƙaramin akwatin ƙarfe. Cikin 1991 ya buɗe zaurensa a Jega, bayan kasuwar hatsi.

Wanda bai taɓa zuwa ba zai ɗauka shiga ake yi a soke mutum a fito. Ba haka ba ne. Ukasha sai ya riƙe wuyan hannunka ya yi shiru, ya ce ka fito da harshe, sannan ya shiga tambaya. Yaya barci, me ka ci jiya, yaushe rabonka da bayan gida, wa ya ɓata maka rai a gida. Mai ciwon kafaɗa ya kan tashi da allura a ƙafa da umarnin ya rage goro. Kuma ya san iyakarsa. Mai karaya, Aliero yake tura shi wurin masu ɗori. Mai zazzaɓi ko kumburi ko tari, asibiti, ko tabarma ba ya bari ya zauna. Bai taɓa ce wa kowa zai warke ba, cewa yake, "Mu gwada sau huɗu. In ba ka ji sauƙi ba, kada ka ƙara ɓata ƙafarka." Ni kaina bayana ya kai ni wurinsa cikin 2009, bayan na yi wata uku ina salla a zaune. Ban san yadda abin ke aiki ba, kuma ba zan yi da'awar sani ba. Na dai koma ruku'u.

Yana da ƙa'ida guda da ba ya sassautawa. Kafin ya tsira allura sai ya ƙirga da ƙarfi, in ya cire ya sake ƙirgawa a kan farin faranti. A makarantar mishan da na yi, haka ake mana da alƙalamai, a raba da safe a ƙirga, a karɓa da yamma a ƙirga, shi ya sa tun farko na ga mutumin da daraja. Ko da ya daina dafa allurai ya koma sayen masu zuwa cikin leda daga Kano, waɗanda ake amfani da su sau ɗaya a zubar, bai bar ƙirga ba.

Cikin damina ta 2022 aka fara kawo masa Tasalla, matar wani manomi mai suna Hafizu daga wani ƙauye gaba da Gehuru. Shekara huɗu tana fama da ciwon kai mai tasowa daga ƙeya. An gwada ta a asibiti ba a ga komai ba, ta sha ƙwayoyi har cikinta ya fara ƙuna. Mata a ɗakin Lailatu matar Ukasha ake ganinsu, ita ke zama da su har a gama. Hafizu kuwa ajiye matarsa yake a ƙofar gida ya wuce kasuwa. Ko sau ɗaya bai tambayi irin maganin da ake mata ba. Ya dai ga ta fara barci, ta koma daka.

Ranar zuwanta na biyar, ranar kasuwa ce, Ukasha ya tsira mata allura goma sha biyu: hannu, ƙafa, da biyu a ƙeya cikin gashi. Aka kira azahar, ya ce ta kwanta har ya dawo. Lailatu ta leƙa madafa ta sauke tukunya. Sai ga Hafizu a ƙofa yana ta danna ƙahon babur, hadari ya haɗo, yana so su haye kafin hanya ta yi laka. Tasalla ta ga yadda ake cirewa sau huɗu, don haka ta zare su da kanta, ta jera a faranti, ta ɗaura ɗankwali ta fita.

Ukasha ya dawo ya ƙirga, goma sha ɗaya. Ya kaɗe tabarma, Lailatu ta share ɗakin sau biyu ta tace sharar da rariya. Ba su da lambar Hafizu, ga ruwa ya sauko bai tsaya ba sai magariba. Da asuba ya hau babur ya nufi ƙauyen.

Abin da bai sani ba shi ne, da yammacin nan Tasalla ta je kitso saboda wani suna da za a yi. Mai kitso ta tsaga gashin ƙeya, sai ga allura a tsaye cikin fata, ba ta da kafar zare, kanta naɗe da jan ƙarfe. Ta yi salati ta watsar da mataji. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da ake nufi in an ce an sami allura a jikin mutum: jifa ce. Tasalla ta ce musu ta mai magani ce, ita ta manta da ita. Uwar mijinta ta ce ai wanda aka jefa ba ya sanin an jefe shi, har kare mai jifar yake yi. Kafin gari ya waye an kira wani mai cire jifa, ya shafa mata wuya da ganye, ya tsotsa, ya tofar da wasu allurai shida a ƙwarya. Daga baya na gan su da idona. Allurar ɗinki ce irin ta tireda, kowace da kafarta, ɗaya har da tsatsa. Mai cire jifar ya tafi da akuya ladansa.

Cikin wannan taro Ukasha ya iso, jikinsa duk laka. Ya yi sallama, ya ga mutane cike da ƙofar gida, ya ɗauka na suna ne. Ya ce, "Ni ne Ukasha na Jega. Na zo karɓar allurata."

Da ba don wani dattijo ya ja shi cikin masallaci ya tsaya a ƙofa ba, da ba a kai ga zaman da zan ba da labari ba.

Bayan kwana uku aka taru a zauren mai unguwarmu. Hafizu ya zo da 'yan uwansa da allurai bakwai a ƙunshe cikin tsumma. Mai unguwa mutumin kirki ne, kuma ya san Ukasha, don haka ya nemo masa ƙofa. Ya ware siririyar ya miƙa masa.

"Ukasha, duniya cike take da allurai. Duba da kyau, wataƙila ba taka ba ce."

Ukasha ya juya ta sau ɗaya. "Ranka shi daɗe, tawa ce."

"Ko tabarau ba ka sa ba."

"Ko babu tabarau na san ta. Ni na tsira ta da hannuna, ita ce ta goma sha biyu. Waɗancan shida kuwa a tambayi tela."

Wasu suka yi dariya, Hafizu bai yi ba. Ya ce, "Ni tambaya guda gare ni. Allurar asibiti ruwa taka kai ma jiki, kowa ya sani. Wagga da ba ta da rami, mi taka kaiwa?"

"Ba ta kai komi."

"Kun ji da bakinai. To in ba ta kai komi, mi ya sa ciwon ya tahi?"

Ukasha mutum ne da hannunsa ya fi bakinsa sani. Ya ce wanda ya koya masa ya faɗa masa cewa jiki yana da hanyoyi, in ɗaya ta toshe sai ciwo ya zauna, allura buɗe ta take yi.

Ƙanen Hafizu ya ce, "Hanyoyin wa? Wa ka bin su?"

A nan na nemi izini na yi magana. Na faɗi labarin bayana da shekarar da kwanakin. Na ce mutumin da ya yi jifa ba ya hawa babur cikin laka ya je ya faɗi sunansa a ƙofar gidan wanda ya jefa. Na roƙi a kira Tasalla a ji daga bakinta. Aka ce ba ta da lafiya, kuma ba a kawo matar aure gaban maza. Wani daga baya ya ce, "Malam Gado, ku 'yan boko ai ba ku yarda da komi ba." Liman ya ce zato zunubi ne, kuma bai ga shaida ba. Ya faɗi gaskiya, amma a hankali ya faɗe ta, sau ɗaya.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba Hafizu ba ne. Shi tsoro ya ji, an nuna masa allurai bakwai an ce daga wuyan matarsa suka fito. Na ƙirga mutum bakwai a zauren nan waɗanda na sani da idona sun kwanta a tabarmar Ukasha. Akwai Alhaji Habibullahi dillalin shanu, wanda aka taɓa kawo shi a kwance cikin keke mai ƙafa uku saboda ƙugu, ya koma gida da ƙafarsa bayan mako biyu. Ya zauna yana jan carbi yana duban rufin zaure kamar an aike shi ƙirga azara. Ko ɗaya cikinsu bai buɗe baki ba, don kada a ce shi ma akwai allura a jikinsa. Kuma a ranar, a bakin tasha, akwai mai babur da ke yi wa mutane allurar ciwon jiki ta cikin wando, daga kwalbar da rana ta cinye rubutunta. Shi ba wanda ya taɓa kiransa zaure, tunda tasa da ruwa a ciki.

Mai unguwa ya ce samari sun fara maganar ƙona gida, shi kuma zaman lafiya yake so. Ya ce Ukasha ya dakata da wannan aiki har ƙura ta lafa, in lokaci ya yi a nan zauren za a sake kiransa a ce ya ci gaba. Ukasha ya ce ya ji, ya kuma yi alkawari. Ya roƙi abu guda, a ba shi allurarsa ya zubar da ita inda yake zubar da sauran, kada ta soki wani. Aka hana, aka ce shaida ce.

Ba a sake kiransa ba. Masu zuwa aski wurinsa ma suka ɗauke ƙafa. Bayan girbi ya kwashe iyalinsa ya koma Maiyama, gonar ubansa. Na ji ciwon Tasalla ya dawo kafin wata biyu, aka ce ai ga shi nan, tun da aka cire jifar mai ita yake ramuwa.

Watan jiya na je gaishe shi. Muna zaune gindin bishiyar bedi yana gyaran ƙotar fartanya, sai ga mota ta tsaya nesa da gidan, ba a ƙofa ba. Alhaji Habibullahi ya fito yana dafa ƙugu, yana takawa kamar mai tsallake ƙaya. Da ya gan ni ya so ya juya, amma ya riga ya yi sallama. Aka gaisa, aka tambayi iyali da damina da kasuwar shanu. Sannan ya rage murya.

"Malam Ukasha, abin nan ne ya tashi. Kwana tara ban yi barcin kirki ba. Nan ai ba Jega ba ce, ba wanda zai sani."

"Ni zan sani, Alhaji. Kana zaune na yi alkawari."

"To ai don Allah za ka yi."

"Don Allah zan yi. Ka je wurin mai unguwa ranar da zaure ya cika, ka faɗa musu yadda aka kawo ka da yadda ka koma. In ya aiko, ko yau ne, kai ne na fari."

Alhaji ya dubi ƙasa, ya dube ni. Ya ce zai duba lokacin da ya dace, yanzu mutane ba su da fahimta. Ukasha ya ce Lailatu ta dafa ruwa ta gasa masa tsumma ya ɗora a wurin, ya kuma ce ya daina zama kan buhu a kara wurin cinikin shanu, ya nemi kujera mai jingina. Ya raka shi har mota yana riƙe da gwiwar hannunsa.

Yau kwana ashirin da shida ke nan. Gidana yana kallon zauren mai unguwa, kuma kullum da hantsi ina ƙofa. Alhaji ya wuce ta nan sau uku, bai tsaya ba.