Shekarar Da Maigidana Ya Ajiye Hannun Jari Maimakon Masara

Sana'ar maigidana ajiyar hatsi ce tun kafin ya aure ni. Da kaka yakan tafi Kwadon da ƙauyukan bayanta ya sayi masara da wake lokacin da suke da araha, a lodo su zuwa sitonsa na haya a nan Kumbiya-Kumbiya, a sa magani, a garƙame ƙofa. Sai ruwa ya sauka, abinci ya ƙare a rumbunan mutane, farashi ya ɗaga, sannan ya buɗe ya sayar. Sana'ar ke nan: ka saya da kaka, ka toshe kunne, ka jira damina. Da ita muka yi gini, da ita yara suka yi karatu, don albashina na koyarwa a firamare ko cefanen wata ba ya kaiwa. Jarinsa kuwa guda ɗaya ne tak, shi yake juyawa kowace shekara. In wannan jarin ya tafi, babu sito, babu sana'a.

A shekarar da nake ba da labari, ɗan yayansa ya dawo daga Abuja. Shi da abokansa suka buɗe wani ɗan kamfani a Gabukka, wai suna haɗa manhaja suna sayar wa makarantun kuɗi, ta tattara kuɗin makaranta da fitar da sakamakon jarrabawa. Ranar da ya zo gaishe mu da katan ɗin lemo a hannu, ni dai jikina bai ba ni ba. Mutumin da ko da sallah sai dai ya turo saƙo a waya, yau shi ne har da cire takalmi tun daga zaure? Na ce a raina, to, za mu ji.

Ai kuwa ba a jima ba muka ji. Suna neman masu zuba kuɗi, suna sayar da hannun jari, wato ka ba da kuɗinka ka zama mai wani yanki a cikin kamfanin.

"Bappa, yanzu ne farashin yake ƙasa," in ji shi. "Wanda ya shiga yanzu shi ne zai ji daɗi in ya hau."

Na ga idon maigidana ya kawo haske. Ya gyara zama ya ce, "Wato yanzu kakarsa ce ke nan. A saya a ajiye, damina ta zo a sayar."

Ɗan yayan nasa ya yi dariya ya ce, "Kusan haka ne, Bappa."

Wannan dariyar har yau tana tsaya mini a wuya.

Na kafe na ce sai mun je mun ga wurin da idonmu. Muka hau Keke muka tafi Gabukka. Ɗaki biyu ne a saman bene, tebura kaɗan, samari da wata budurwa kowa da kwamfuta a gabansa da abin ji a kunne, ana ta zuba Turanci. Na leƙa nan, na leƙa can, na ce, "To ina kayan?"

"Anti, ai kayanmu a cikin kwamfuta suke," in ji ɗan yayan nasa.

Na juya na kalli maigidana. Wannan fa mutum ne da ba ya sayen buhu sai ya soka masa ƙarfe ya zaro ƙwaya, ya murza a tafin hannu, ya sa a haƙori ya ji ko ta bushe. Manoman Kwadon har tsokanarsa suke yi a kan haka. Sai ga shi tsaye yana ta gyaɗa kai a gaban gilashin kwamfuta kamar ya san abin da ke ciki. Kai, raina ya ɓaci.

Na ce, "Farashin hannun jarin nan, wa yake yanka shi?"

"Mu ne muke ƙiyastawa, Anti, gwargwadon yawan makarantun da muka samu."

"Wato ku ne masu kaya, ku ne dillalai, ku ne kuma masu awo?"

Maigidana ya ce, "Malama, don Allah ki bar mutane su yi aikinsu. Ɗana ne fa."

A hanya na faɗa masa ko da zai sa, ya sa kwata ya bar sauran ga masara. A gida na sake faɗa. Na kai ƙara wurin yayarsa, ta ce ita ba ta shiga tsakanin uba da ɗa. Shi kuma lissafinsa ɗaya ne: hatsi akwai kuɗin mota, akwai 'yan dako, akwai ƙwari da ɓeraye, wannan kuwa ajiya ce da ba ta ruɓewa. Ya kwashe jarin kaf ya zuba. Kakar nan bai taka Kwadon ba. Manoman da suka saba da shi suka yi ta kira, yana ce musu bana ya yi ajiya a wani wuri. Siton ya zauna a kulle, babu ko buhu ɗaya a ciki.

Kowane wata sai saƙo ya shigo wayarsa cewa farashi ya ƙara hawa. Ya miƙo mini yana murmushi, "Malama mai zargi, karanta da kanki." In karanta in miƙa masa. Me zan ce? Su suka rubuta abinsu, su suka turo.

Ni kuwa ban zauna ba. Akwai wata abokiyar aikina, mutumiyar Kaltungo, mijinta yana riƙe da kuɗi a wata makarantar da aka ce tana cikin masu amfani da manhajar. Na ce ta bincika mini. Wallahi so nake ta dawo ta ce ƙarya ne, babu wata manhaja, in samu abin da zan riƙe. Sai ta dawo ta ce akwai, kuma tana aiki da kyau, malamai ma sun huta da lissafin maki. Amma fa makarantar ba ta taɓa biyan ko kwabo ba. An ba su ne su gwada, gwaji ya wuce, mai makarantar yana ta cewa sai iyaye sun biya. Ta ce ba su kaɗai ba ne. Wannan ya fi damuna, don da yaran kamfanin ɓarayi ne da na san inda zan kai su.

Da bazara suka kira taron masu hannun jari a wani ɗakin taro, aka raba ruwan gora da cincin. Suka haska majigi a bango, ga wani layi yana ta hawa sama, wai yawan makarantu. Aka yi tafi. Na ɗaga hannu kamar 'yar aji na ce, "Makarantun na gani. Ina ribar?"

Ɗan yayan maigidana ya ce ba su kai ga riba ba tukuna, yanzu girma suke yi. Abin da ke shigowa yana tafiya ne a albashi da haya da man janareto.

"Cikin makarantun nan nawa ne suke biya?"

Ya ce ana kan bibiyarsu. Maigidana ya waiwayo daga layin maza ya harare ni, na zauna. A Keke ya ce mini, "Ni ina ruwana da ribarsu? Ni damina nake jira."

Damina ta zo. Masara ta hau kamar yadda ta saba, har ma ta wuce. Abokan sana'arsa suka buɗe sito-sito, motoci suna ta lodi a bakin titi. Wata safiya ya sa babbar riga ya ce in raka shi, yau zai rufe mini baki. Muka hau benen nan, ya zauna, ya ce, "To, lokaci ya yi. Na zo in sayar."

Ɗan yayansa ya cire abin kunnensa a hankali. "Bappa, sayar wa wa?"

"Kamar yaya wa? Ba ya hau ba?"

"Ya hau, a lissafi. Amma mu ba mu shiga kasuwar hannun jari ba, ƙaramin kamfani ne. Sai dai in ka samo wanda zai saya daga hannunka."

"To ku ku saya."

"Bappa, ko albashin watan jiya ba mu gama biya ba."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce masa ya ji tsoron Allah, a gabana tsohon nan ya ce damina zai sayar. Ya ce shi bai taɓa ambaton damina ba. Gaskiya ne, bai ambata ba. Na ce, "Amma ka ji shi ya faɗa, ka yi dariya, ka karɓi kuɗin." Ya sunkuyar da kai ya ce shi ya ɗauka wasa ne irin na manya. Ko ya ɗauka ɗin, ko bai ɗauka ba, Allah ne ya sani. Ni dai ban yarda ba, kuma ban ga ranar yarda ba.

Maigidana ya miƙe, muka sauko. Ya yi ta yawo wurin abokai yana tallar hannun jarin, kowa ya tambaye shi riba nawa ake rabawa, sai maganar ta mutu a nan. Kamfanin bai rushe ba, yana nan har yanzu, saƙon ma bai daina zuwa ba. Da hayar sito ta ƙare ba shi da abin sabuntawa, mai wurin ya ba wani.

Kafin sabuwar masara ta fito, tamu ta gida ta ƙare ƙarƙaf. Na rasa yadda zan faɗa masa, sai na ce wa 'yarmu a gabansa yau shinkafa za mu dafa. Ya ji, ya fita. Ga masu awo nan a bakin layinmu, duk sun san shi, wasu ma a wurinsa suke saro kaya a da. Bai dawo ba sai bayan azahar, ƙafarsa duk taɓo, da 'yar baƙar leda a ƙarƙashin riga. Na ce daga ina haka? Ya ce can bayan gari ya je, inda ba a san fuskarsa ba. Ya ajiye ledar a ƙofar kicin, masara ce mudu biyu, ya ce, "Ki duba ta da kyau kafin a kai niƙa. Ban tsaya dubawa ba."