Wayar da ke Cikin Ɗankwalin Kulsumu

A unguwarsu a Kaura Namoda, in ka ce Kulsumu mai ƙuli ba kowa zai gane ba, amma in ka ce Kulsumu mai tambaya, har yara za su nuna maka gidan. Mace ce da ba ta iya ganin abu ta wuce. Ta taɓa tsare mai gyaran famfo a tsakar gida, ta ce ba zai tafi ba sai ya gaya mata inda ruwa ke kwana kafin ya hawo bututu. Daga Sakajiki suka dawo gari ita da marigayi mijinta, lokacin da zaman ƙauye ya fara wuya. Ta zo da kaskonta da turminta, ta ci gaba da sana'ar da ta gada, suyar gyaɗa da matsar mai da tuyar ƙuli-ƙuli.

Mutum ɗaya ce Kulsumu ba ta taɓa yi wa tambaya ido da ido ba, wato 'yarta Naja'atu. Kunyar 'yar fari ce, kuma ta riƙe ta da gaske yadda ta ga uwarta ta yi. Ba ta kama sunanta, sai dai ta ce "waccan". Yarinyar a hannun gwaggonta ta tashi, in ta zo gida su gaisa kowa na kallon ƙasa. Har aka kai ta ɗakin miji a Shinkafi, maganar da ta shiga tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba.

Wata 'yar ƙaramar waya mai madannai ce ta gyara wannan. Mai matsar mai ba ta da hannun riƙe waya, don haka Kulsumu takan cusa ta a ɗankwali daidai kunne, ta ci gaba da murza tunkuza. Da farko gaisuwa ce kawai, sai dai babu mai fara kashewa. Ita tana jin shara da daka daga Shinkafi, Naja'atu na jin ƙarar mai a kasko. A cikin aikin nan magana ta fara fitowa da kanta, ashe in ba a kallon juna kunya ba ta da ƙarfi sosai. Ta nan Kulsumu ta san cewa 'yarta ba ta cin kabewa, tana tsoron tsawa, kuma shekarun da ta yi a gidan miji ba haihuwa suna cinta a rai. Hanyar Shinkafi kuwa ba ta biyuwa yadda aka saba, saboda haka hirar nan ita ce duk abin da ta mallaka na 'yarta, kuma tana jin daɗinta har cikin zuciya.

Ana nan sai autanta Mus'ab, ɗan kabu-kabu, ya shigo da babbar waya irin wadda ake shafawa. Ya ce wayar matarsa Nafisa ta faɗa rijiya, ya sayo wannan, amma ba zai ba matarsa babba uwarsa na riƙe da ƙarama ba. Ya ce ta gwada, ta zaɓi ɗaya, wadda ta bari ita ce ta Nafisa. Ya mayar mata da layinta cikin babbar ya tafi.

Wanda ya ba Kulsumu irin wannan waya ya ɗebo wa kansa aiki. Duk wanda ya shigo sayen ƙuli sai ya amsa tambaya kafin ya fita. Ina mutanen ciki suke zuwa in an kashe? Wa ya gaya wa wayar za a yi ruwa gobe? Ta ga Ka'aba mutane na kewayawa, ta tsaya tana kallo har gyaɗa ta kama a kasko. Ta ga wasu mutane a wata ƙasa na matse mai da inji, ta sa aka maimaita mata har ta gane inda tunkuzar ke fita. Ta so wayar nan, ba ta kuma ɓoye ba.

Sai Mus'ab ya kira mata Shinkafi ta bidiyo, yana murna zai haɗa uwa da 'ya. Fuskar Naja'atu ta cika gilashin. Kulsumu ta kalle ta sau ɗaya, ta ga ta ɗan rame, ta sunkuyar da kai. Can ma aka sunkuyar, aka ja hijabi. Suka gaisa kamar surukai, aka tambayi gajiya da mutanen gida, magana ta ƙare.

Washegari ta ce a bar bidiyon, ta cusa babbar a ɗankwali. Ta yi faɗi, tana zamewa, kumatu ya taɓa gilashi kira ya yanke. Ta kai yatsa ta sake kira, wayar ta ƙi sanin yatsa mai maiƙo. Da aka buɗe murya aka ajiye ta a kan turmi, Naja'atu ta ji matan da suka zo sayen mai, ta yi gum. Dole sai an wanke hannu an zauna musamman, su kuwa ba su taɓa iya hirar zama ba. Kwanaki suka shuɗe, sai gaisuwa. Kulsumu ta shiga damuwa, tana tsoron kada su koma yadda suke da.

Da Mus'ab ya zo jin zaɓi, ta miƙa masa babbar, ta goge ta da gefen zani tukuna.

"Inna, wagga hwa ita ad da komi," in ji shi.

"Na gani, kuma ina sonta," ta ce. "Amma tun da taz zo gidan ga ban ji waccan ba, gaisuwa ɗai nika ji. Maido min tawa."

Da hantsi ta hura wuta, ta ɗora kasko, ta cusa ƙaramar a mazauninta. Suka gaisa, babu wadda ta kashe. Can ana wanke-wanke, nan mai na ƙara. Sun daɗe a haka, sannan ƙarar kwanuka ta tsaya a Shinkafi.

"Inna," in ji Naja'atu a hankali, "na yi ɓatan wata. Na je asibiti sun ce haka na. Tun ranar bidiyon nan nika son in hwaɗa miki."

Kulsumu ta sauke kasko, ta zauna a kan turmi. Hawaye suka zubo, ba ta share ba, tunda babu mai ganinta. 

"To," ta ce, "ki bar ɗaukar ruwa."