Leɓen Bututu

Motar ja ce, mai ƙofa biyu, gajeriya har ana cewa da ciki take tafiya. Daga Kwatano aka shigo da ita, kuma tun ranar da na saye ta mutanen unguwarmu ta Koki suka samu abin dariya, domin ko hancinta ba ya shiga lungunmu. A garejina na Kabuga take kwana, ni kuma in hau adaidaita sahu in koma gida kamar wanda ko keke ba shi da shi. Ban damu ba. Shekara goma sha ɗaya ina kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane, na ce ni ma sai na yi tawa wadda zan gyara yadda raina yake so.

Mu maƙera ne, maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla da alminiyom. Mahaifina a maƙerar zauren gidanmu ya tashi, a nan ubansa ya tsufa, kuma ni ne ɗansa na fari, wanda kowa ya ɗauka shi zai gaji wurin. Da na gama sakandare na ce kanikanci nake so, bai yi faɗa ba. Magana ɗaya ya faɗa, wai bakanike ba ya yin komai sai kwancewa da ɗaurewa, abin da wani ya ƙera shi yake kwancewa ya mayar. Maganar ta ƙona ni ƙwarai. Daga ranar ban sake taka cikin maƙerar ba. Kullum da safe nakan durƙusa daga bakin ƙofa in gaishe shi, ya amsa, in wuce. Ba gaba muke yi ba, amma bai taɓa tambayata yaya aiki ba, ni ma ban taɓa tambayarsa ba, kuma a raina ban san ko har yanzu yana lissafa ni cikin 'yan gidan ƙira ba.

Ciwon motar zafi ne. Injinta mai turbo ne, wato akwai wata fanka da ke cusa masa iska da ƙarfin tsiya, kuma iska in an matse ta zafi take ɗauka. Don haka ake bi da ita ta cikin intakula, wani abu mai kama da lagireto, ta huce kafin ta shiga inji. Wanda motar ta zo da shi ɗan ƙarami ne, an yi shi don ƙasar da rana take jin kunya. A bazarar Kano kuwa, da hantsi ya ɗaga sai motar ta zama jakar da ta ƙi tafiya, ka taka totur har ƙasa tana nishi. Na yi odar babban intakula da bututansa na alminiyom da tiyo na roba masu haɗa su, na yi ta jira har suka iso.

Kwana huɗu na yi ina ɗaura shi. Na cire bamba, na yanke ƙarfen da ya tare hanya, na yi masa mazauni a gaban lagireto inda iska za ta doke shi kai tsaye. Sai bututan suka ƙi zama, ashe an auna su ne da wata ƙirar motar, sun yi tsawo. Ban tsaya wani tunani ba, na ɗauki zarto na rage baki huɗu, na watsa guntayen a kwandon shara, na zura tiyo, na ɗaure kilif, zoben ƙarfen da ke matse tiyo, tamau. Na ja baya ina kallon aikina ina jin babu ya ni a Kano.

Na hau hanyar Gwarzo gwaji. Giya ta ɗaya lafiya, ta biyu lafiya, a ta uku na taka sosai, motar ta zabura har bayana ya manne da kujera. Sai na ji fus, ƙarfi ya ɗauke, baƙin hayaƙi ya biyo baya. Tiyo ya suɓuce daga bakin bututu. Na mayar, na ƙara ɗaurewa, ya sake fita. Na sa kilif biyu, ya fita. Na karce bakin da magagari, na shafa gam, na naɗa waya, duk a banza. Sai a karo na biyar, ina tsaye a gefen titi rana tana gasa min ƙeya, na tuna guntayen da na zubar. Kowanne yana da ɗan tudu zagaye da bakinsa, wani leɓe da ke tare kilif ya hana tiyo zamewa. Da hannuna na yanke su.

Maƙwabcina a gareji mai walda ne, abokina tun muna koyon aiki. Na kai masa ya ɗiga min leɓen da wuta, ya ce injinsa na baƙin ƙarfe ne, na matsa masa, ya gwada a kan guntu ɗaya ya huda shi. Ya ɗaga gilashin fuskarsa ya dube ni, ya ce shi bai taɓa ganin mai rijiya a tsakar gida yana yawon neman ruwa ba, ubana shekara nawa yana tayar da leɓen tukwane da butoci. Na ce masa ya yi aikin gabansa. Ya ce girman kai rawanin tsiya ne, kuma nawa ya kai ƙafa.

Kwana biyu na yi ina jan jiki. A na uku na ƙunso bututan a buhu, na kwaso guntayen daga shara, na iso gida da hantsi. Baba yana zaune a kan buzunsa yana gyaran wani ludayin tagulla. Na gaishe shi daga bakin ƙofa kamar kullum, sannan na cire takalmi na shiga. Ya ɗago ya dubi ƙafafuna. Na zazzage buhun, na yi bayani dalla-dalla, har da abin da bai tambaya ba. Ya ɗauki guntu ɗaya ya shafa leɓen da babban yatsa, ya ɗauki wanda na yanke ya shafa, ya ajiye.

Na ce, "Baba, so nake ka tayar min da shi, baki huɗu ne."

Ya nuna min tabarmar da ke gefen zugazugi, inda masu kawo aiki suke zama su yi wa aikinsu zuga. Ya ce, "In ka zauna can, kafin azahar na gama maka. Amma ka sani, a gidan nan baƙo ake yi wa ƙira. Ɗan gida shi yake yi wa kansa. Haka ubana ya yi min. Sai ka zaɓa."

Na san wannan al'ada tun ina yaro, amma ban taɓa zaton za ta hau kaina ba. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ga tabarma a shimfiɗe, ga mota tana jirana, kafin azahar an wuce wurin. Amma na san in na zauna a kanta, na amsa da bakina cewa ni baƙo ne, kuma Baba ba zai sake tayar da zancen ba har abada. Na tuɓe rigata na rataye, na zagaya bayan uwar maƙera, na ɗauki ƙaramar guduma. 

A guntayen na fara gwaji. Na ɗora baki a kan ƙahon uwar maƙera na buga, ya lotse. Na biyu ya tsage. Baba ya ci gaba da ludayinsa kamar ba kowa a wurin. Da na tsaga na uku, sai wani gutsuren farin sabulun wanki ya faɗo a cinyata daga wajen Baba. Na riƙe shi ina juyawa, can abin ya dawo min daga yarinta. Ana goga sabulu a jikin alminiyom a kanga a wuta, in zanen sabulun ya koma baƙi, ƙarfen ya yi laushi, a janye maza, in an ƙara ko kaɗan sai ya narke ba sallama. Na hura gawayi, na goga, na kanga, na janye. Gudumar ta sauka a kan abu mai jin magana.

Laushi daban, iyawa daban. Kwana shida na rufe gareji ina zuwa maƙera daga safe zuwa la'asar. Guntayen suka ƙare, na shiga Kasuwar Kurmi na samo tsofaffin bututan alminiyom na yayyanka. Leɓen yakan tashi a gefe ɗaya ya kwanta a ɗayan, ko ya yi tsini kamar bakin tulu, ko in zagayo in tarar inda na fara da inda na ƙare ba su haɗu ba. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, ni da nake taƙamar hannuna ya ga sifana. Maƙwabta masu wucewa sukan leƙo su ce a'a, injiniya, yau kuma an dawo makaranta ne. Abokina mai walda ya yi ta kira a waya yana cewa masu motoci suna nemana, na ce ya ba su haƙuri, ina wani aiki da ya fi nasu daɗewa a layi.

Baba bai taɓa kama hannuna ba. Da kunne yake bina. In bugun ya yi nauyi sai ya yi gyaran murya, in ya yi daidai sai shiru. Rannan kawai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, gudumar ba ita ke tafiya ba, bututun ne ke juyawa, ita a wuri ɗaya take sauka. Wannan kalma ita ta buɗe min aikin. Na daina bin ƙarfen da duka, na tsayar da hannun dama, na bar na hagu yana juyi a hankali kamar mai murza zare.

Ranar ta bakwai na taɓa bututan gaske, waɗanda in na ɓata ba ni da wasu. Na yi bismilla na fara. Baki uku suka tashi sumul. Na huɗu ya ɗan karkace, na sake gasa shi na bi shi sannu har ya daidaita. Na jera su a gaban Baba. Ya ɗauki kowanne ya rufe ido ya zagaya shi da yatsa, ya daɗe a kan na huɗun, sannan ya miƙo min su duka. Ko madalla bai ce ba, kuma na ji zafin hakan har na isa Kabuga.

Na ɗaura su da tsakar rana, lokacin da kwalta take narkewa, don in gwada su a mafi munin zafi. Giya ta uku na taka har ƙasa, na jira fus ɗin nan, ban ji ba. Ta huɗu ma haka. Na je na dawo sau uku, motar tana ja kamar da asuba, na tsaya na buɗe bonet na taɓa bututun da ke fitowa daga intakula na ji shi da sanyi-sanyi, tiyo ko motsi bai yi ba.

Ban koma gareji ba, gida na nufa, na ajiye motar a bakin titi na shiga lungu da sauri. Na tarar da Baba yana tattara kayan aiki. Na fara ba shi labarin gudun da ta yi, ya katse ni da hannu. Motar ba ta dame shi ba. Ya ɗauko ƙaramar gudumar ya nuna min ƙotarta, ya ce na bar ta tana girgiɗi, kuma mai aiki ba ya tashi ya bar kayan aikinsa haka. Sannan ya jawo wani buhu daga bayansa ya tura gabana, butocin masallacin unguwa ne guda tara, duk bakinsu ya mutu.

Ya ce, "Idona ba ya ganin bakin buta yanzu. Na ce musu su ƙara haƙuri, akwai mai yi a gidan. Gobe ka zo da wuri."

Na zauna a ƙasa na gyara ƙotar gudumar, kaina a sunkuye don kada ya ga fuskata.